Daji, Rumbu da Rabon Mara Gona



Masu martaba iyayen ƙasa, malamanmu na allo da na lakwal, iyayenmu mata da suka ajiye aikin gida suka zo, ƙannena ɗalibai, ina gaishe ku, ina kuma gode wa waɗanda suka shirya wannan zama a nan Maijirgi.

Batun da aka ɗora mini shi ne bambancin arziki da na daraja a cikin al'ummomin da ba su noma, ba su kiwo, waɗanda cinsu ke fitowa daga farauta da su da tsintar abin da daji ya haifa. Na san wani zai ce a ransa: mu manoma ne jikokin manoma, ina ruwanmu da mutanen da ko hauya ba su taɓa riƙewa ba? Da ruwanmu. Noma baƙo ne a tarihin ɗan Adam. Masu tonon kufai ba su ga alamarsa da ta wuce kimanin shekara 12,000 ba a ko'ina cikin duniya, hatsin nan kuwa da muke taƙama da shi, ɗaya daga cikin tsofaffin alamomin nomansa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali aka same ta, shekarunta kimanin 4,500. Kafin nan kowa daji yake ci. Kuma har gobe akwai gidaje a garin nan waɗanda in damina ta yi tsakiya, rumbu ya yi ƙasa, tukunyarsu daga daji take cika.

A ƙasarmu ma an yi irin waɗannan mutane. A shekarar 2000 wani Ba'amurke mai neman ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe, Paul Sereno, ya ci karo da wata tsohuwar maƙabarta a Gobero, cikin Tenere, mai kabari kusan 200. Wurin da yau babu komai sai rairayi, da can tafki ne mai dorina da kada da giwan ruwa. Mutanen farko da suka zauna bakinsa, daga wajen shekara ta 7700 zuwa 6200 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, masunta ne kuma mafarauta, sun bar masu da ƙugiyoyi na ƙashi. Fari ya kore su, bayan kimanin shekara dubu wasu suka zo. A cikin kaburburan na bayan nan an sami wata yarinya da awarwaron haƙorin dorina a damtsenta, an sami wata mace da yara biyu an kwantar da su suna fuskantar juna. Amma ƙashi ba ya doguwar magana. Wanda ke son ya ga yadda ake raba nama da yadda ake raba girma a irin wannan rayuwa, sai ya je wurin waɗanda suka rayu da ita har zuwa zamaninmu.

A 1963 wani masani ɗan Kanada, Richard Lee, ya sauka a Dobe, cikin hamadar Kalahari, kan iyakar Botswana da Namibiya, wurin mutanen da ake kira Juhoansi. Ya zauna da su, ya koyi harshensu, ya auna abin da suke ci da lokacin da suke ɓatarwa wajen nemansa. Ya ga wajen kashi biyu cikin uku na abincinsu tsirrai ne, yawanci mata ke kawowa, musamman ƙwallon wani itace da suke kira mongongo. Nama shi ne ƙarami a ciki, amma shi ne abin marmari, kuma a kansa ne duk dabararsu ta zaman tare ta tattaru.

Ku dubi yadda mahalbinsu ke komowa gida in ya kashe babbar dabba. Ba ya shigowa da guɗa. Zuwa yake ya zauna bakin wuta ya yi shiru. Sai an tambaye shi me ya gani yau, ya ce shi ai bai iya halbi ba, bai ga komai ba, sai dai wani ɗan abu da bai kai a faɗa ba. Daga wannan amsar kowa ya san akwai nama. Da safe maza su bi shi ɗauko kaya, in sun isa gaban dabbar, mai ƙiba lafiyayya, sai su hau yi masa tsiya: don wannan tarin ƙasusuwan ka taso mu cikin rana? Shi kuma ya karɓa, ya ce gaskiya ne, ya ba su wahalar banza. Lee da kansa ya ɗanɗana wannan al'ada. Ya sayi bijimi mafi ƙiba da ya samu don ya yi musu kyautar bikin Kirsimeti, suka bi shi ɗaya bayan ɗaya suna ce masa ramammen tsohon sa ya sayo. Da aka yanka aka ci aka ƙoshi, ya nemi dalili, sai wani daga cikinsu ya bayyana masa cewa saurayin da ke yawan kashe nama yakan fara ganin kansa sarki, ya ga sauran mutane barorinsa, wata rana girman kan nan ya kai shi ga kisan kai. Shi ya sa suke kushe namansa, don zuciyarsa ta huce.

Akwai wata ƙa'idar da ta fi wannan burge ni. Naman ba na wanda ya harba ba ne, na mai kibiyar da ta fara shiga jikin dabbar ne. Kibau kuwa yawo suke daga hannu zuwa hannu ta hanyar kyauta da aro, har mace ko tsohon da ya daina fita daji yana iya mallakar kibiya. Gwanin halbi zai fita da kwari cike da kiban mutane, ya kashe dabba, a wayi gari wata tsohuwa ce ke da ikon rabon. Da gangan suka raba gwaninta da iko. A wurinmu mahalbi kirari yake yi, makaɗi na zuga shi, kuma duk wanda ya taɓa bin farautar rani ya san yadda ake zare sanda a kan zomo guda. Ban faɗi haka don in rage wa mahalbanmu daraja ba. Hanyoyi biyu ne mabambanta na zama da gwani, mu muka zaɓi mu ɗaga shi, su suka zaɓi su danne shi.

James Woodburn, Baturen Ingila da ya daɗe tare da Hadza na gefen tafkin Eyasi a Tanzaniya, ya yi bayanin tushen abin a wata maƙala ta 1982. Ya ce mutanen nan abin da suka samo yau, yau ko gobe suke cinye shi. Babu wanda ke riƙe da rijiya ko kurmi ko hanyar dabbobi har a nemi izninsa. Yaro tun yana ƙarami ya san inda saiwa take, ya san inda zuma take, bai dogara ga gadon uba ba. Wanda aka matsa wa a zango ɗaya sai ya ɗauki bakansa ya koma wani, ba ya barin komai a baya da zai ja shi ya dawo ya durƙusa. Kuma kowane namiji na da kibiya mai dafi, wadda ba ta san ƙato ba, ba ta san rago ba. A inda abubuwa suke haka, da me za ka mallaki mutum?

Abin da nake so ku riƙe daga nan shi ne yanayin rabon nasu. Mu in muka ji an ce ana raba nama ga kowa, sadaka ke faɗo mana a rai, da mai bayarwa da mai karɓa yana sa albarka. A wurinsu wanda bai kashe ba zuwa yake ya ce a ba shi, kai tsaye, babu sunkuyar da kai, babu doguwar godiya, don yana ganin rabonsa ya zo karɓa. Mai riƙewa shi ne mai jin kunya. Wannan daidaito nasu aiki ne da suke yi kullum, da baki da ba'a da naci da ƙaura, kuma yana gajiyarwa; waɗanda suka zauna da su sun ji su suna ƙorafin yawan roƙon ƴan'uwa kamar yadda muke yi.

Kada kuma a ɗauka aljannar duniya suke ciki. Binciken da aka tattara kan irin waɗannan al'ummomi ya nuna cikin yara goma wajen huɗu ba su kai shekara 15. Lee ya ƙidaya kisan kai 22 a yankin Dobe tsakanin 1920 da 1955, a cikin jama'a ƴar kaɗan. A wurin Hadza akwai wasu sassa masu kitse na babbar dabba, suna ce musu epeme, waɗanda manyan maza kaɗai ke ci a keɓe, mata da yara ba su da halin kusanta. A tsibiran Tiwi na arewacin Ostareliya, a da dattawa ne ke tara mata da yawa, samari su kai shekara talatin ba aure, kuma arzikin dattijo shi ne yawan hannayen da ke tsinto masa abinci. Ko inda babu dukiyar tarawa, namiji kan sami hanyar hawa kan mace, babba ya hau kan yaro. Wanda ya ce muku fifiko da noma ya faro, bai faɗi duka gaskiya ba.

Hujja mafi ƙarfi a kan haka tana gaɓar tekun arewa maso yammacin Amurka ta Arewa, wurin Tlingit da Haida da Kwakwaka'wakw. Ba su shuka ƙwaya ɗaya ta hatsi ba, amma a zamanin da suna da sarakuna, da ƴaƴan gidan sarauta, da talakawa, da bayi da ake kamowa wurin yaƙi a sayar, a gada. Suna da manyan gidajen katako da sunayen girma da ake gado. Me ya kawo haka? Kifin salmon ne. Sau ɗaya a shekara yake hawowa koguna daga teku, da yawan da ba a iya cinyewa, cikin ƴan makonni. Wanda ke da mashigar kogi, yake kuma da hannayen da za su fede su banda, shi ke da abincin hunturu duka. Mashigar kogi ana iya tsare ta, bandataccen kifi ana iya ajiye shi, dukansu biyu ana iya barin su ga ɗa. Masanin Faransa Alain Testart ya gina littafinsa na 1982 a kan wannan: ajiya ce ke buɗe ƙofar fifiko, ko da noma ko babu. Manyansu kan shirya wani gagarumin biki, potlatch, su rabar da barguna da mai da kwale-kwale a gaban jama'a, dukiya ta fita, suna ya hau. Gwamnatin Kanada ta haramta bikin daga 1885 har 1951. A can Sungir kuma, kusa da birnin Vladimir na Rasha, an tono kabarin yara biyu da aka binne kimanin shekara 34,000 da suka wuce, da duwatsun ado na hauren giwa wajen 10,000 a jikinsu, aikin da ya ci dubban sa'o'i na hannun wasu.

A 2009 wasu masana, ƙarƙashin jagorancin Monique Borgerhoff Mulder da Samuel Bowles, suka kwatanta ƙananan al'ummomi 21 daga sassan duniya. Suka raba arziki gida uku: na jiki, wato ƙarfi da lafiya da gwaninta, na jama'a, wato yawan waɗanda za su tsaya maka, da na dukiya, wato gona da dabba da kaya. Suka yi amfani da ma'aunin Gini, wanda sifili a cikinsa ke nufin kowa daidai, ɗaya kuma ke nufin mutum guda ya kwashe duka. Mafarauta suka tsaya wajen 0.25, makiyaya 0.42, manoma masu gonakin gado 0.48. Dalilin a bayyane yake. Ɗan gwanin mahalbi yana iya tashi bai iya riƙe baka ba, amma ɗan mai gona goma, ko rago ne, gona goma zai tarar.

To mu dawo gida.

Ƙasar Hausa ba ta taɓa mantawa da mahalbi ba. Tarihin Kano ya fara ne da Dala da Barbushe na zuriyarsa, wanda aka siffanta da gagarumin mafarauci mai kashe giwaye. Ku tambayi dattawan garuruwa da yawa na Tasawa da Mayahi wa ya fara saran wurin, sau da yawa za a ce muku wani mahalbi ne ya sami ruwa ya yi bukka, manoma suka biyo sawunsa. Guy Nicolas, wanda ya yi shekaru yana nazarin ƙasar Maraɗi, ya rubuta yadda kowace zuriya ta Anna, masu bin addinin gargajiya, ke da gadonta, wasu noma, wasu ƙira, wasu halbi, da yadda ake buɗin daji da rani kafin a shiga farauta. Mu Musulmi ne, ba tsafin da ke cikin wannan al'ada nake yabo ba. Ƙa'idar da ke ƙarƙashinta nake so a gani: daji yana da lokacin rufewa da na buɗewa, yana da masu kula da shi, kuma in an buɗe, an buɗe wa kowa. Nicolas ya kuma rubuta bikin dubu, inda manomin da ya ɗaure dami dubu zai tara jama'a ya rabar, a naɗa shi sarkin noma, da takwaransa na mata, kan ƙwarya. Ga shi nan kusan irin bikin mutanen kifin salmon. Kakanninmu sun san rumbu na raba mutane, sai suka sa hanyar samun suna ta bi ta buɗe shi.

Rumbu kuma yana jawo mai bindiga. Wannan ba sai na je nesa ba, kaburburan hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine suna nan garin, inda sojojinsu suka kashe su a watan Yuli na 1899. Rundunar da suka jawo daga yamma da hatsin mutane ta rayu. Abin da aka tara wuri ɗaya shi suka iya kwashewa ko ƙonewa, daga Birnin Konni har ƙasar Tasawa, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka tsira daji suka faɗa.

Daji ya ci gaba da zama mafakar mara shi a kowace yunwa: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, farin 1973 da 1974, El Buhari ta 1984. Iyayenmu mata da ke zaune nan sun fi ni sanin aikin anza. A tsinko ƴaƴan, a shanya, a ɓare, a jiƙa ƙwayar cikin ruwa, a zubar, a sake zuba wani, kwana da kwanaki, ana ɗanɗanawa da bakin harshe har ɗacin ya fita, sannan a dafa dilo a sa wa yara. Wadda ta yi gaggawa ta ba iyalinta ciwon ciki. Ilimi ne cikakke, uwa ke koya wa ɗiya, kuma ba a sayen sa da ko dala. Haka tafasa da yaɗiya da jiga da kauci, haka aduwa da magarya da kanya da goruba, haka fara in ta sauka, har ƙwayar ƙarangiya in abin ya kai maƙura. Matar da mijinta ya tafi ci-rani Najeriya ko Libiya, gona ba ta kai ta watan bakwai ba, da ƙwarya da ƙafafunta take riƙe gida. Ba ta roƙi kowa ba. Wannan shi ne ragowar haƙƙin nan na Hadza a cikin rayuwarmu: hanyar abinci wadda ba ta bi ta ƙofar wani ba.

Wannan hanyar ce ke toshewa a gaban idonmu, kuma ita ce damuwata.

Jama'a ta yawaita, gona ta haɗu da gona, saura ta ƙare. Dajin da ke tsakanin gari da gari, inda kakanninmu ke jin tsoron kura, yau hatsi ne daga bakin wannan gari zuwa bakin wancan. Namun dajin sun tafi, wanda ke son ganin barewa sai ya nufi Gadabeji, gandun da aka keɓe tun 1955, farauta kuma tana ƙarƙashin dokar 1998 da takardar izni. Amma mahalbi ba shi ne babban wanda ya yi asara ba, domin shi ma manomi ne. Ku dubi abubuwan da da can ba su da mai su. Kara da harawa, da ake bari a gona bayan girbi dabbar kowa ta ci, yau kwashe su ake a amalanke a ɗora kan itace ko rufin ɗaki, a jira bazara a sayar. Ƴaƴan gawo a buhu suke zuwa kasuwa. Ciyawar makiyaya mai amalanke ke sharewa tun da kaka, ya tara, ya sayar wa mai akuya biyu da tsada in rani ya yi nisa. A Gulbin Kaba, wanda ya ratsa Mayahi da Tasawa, kabar da mata ke yanka su saƙa tabarma da igiya ta zama haja, mai kuɗin sayen ta da yawa ya ajiye shi ke cin ribarta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya bi hanyar kifin salmon: an gano ana iya ajiye shi, sai ya sami mai shi. Inda makiyayi da manomi suka rasa sararin da ke raba su kuwa, mun ga abin da ya faru a Toda cikin 1991, inda aka kashe mutum fiye da 100.

Polly Hill, da ta zauna Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta rubuta yadda tazarar ke faɗaɗa tsakanin manoma: mara ƙarfi ya sayar da hatsinsa da kaka tiya na araha, don biyan bashi da haraji da biki, da damina ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago gonar mai ƙarfi don ya sami na cefane, gonarsa ta yi ciyawa, baɗi ya girbi ƙasa da na bana. Claude Raynaut ya ga irin wannan a ƙauyukan Maraɗi. Shekarar 2005 ta nuna mana ƙarshen hanyar. Hatsi na nan a kasuwa, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin mutane, kuma jihar Maraɗi, wadda ake kira rumbun ƙasa, ita ce ta cika cibiyoyin jinyar yara masu tamowa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta karɓi yara fiye da 60,000 a Nijar a wannan shekara, mafi yawansu daga jiharmu. A 2006 Marthe Diarra da Marie Monimart suka wallafa bincikensu kan yadda mata a kudancin Maraɗi ke rasa gamana, ƴar gonarsu ta kansu, don gandu ya yi ƙanƙanta har maigida ba shi da abin yanka wa matarsa. Matar da aka karɓe wa gamana, aka kuma hana ta shiga gonar wani tsinkar ganye, ina za ta nufa?

Akwai abu guda da ya kamata in yi masa adalci, don abin alfaharinmu ne. Tun dokar gandun daji ta Faransa ta 1935, da dokokin da suka biyo bayan mulkin kai, itace na gwamnati ne, manomi kuwa tsoron ma'aikacin gandun daji da tararsa yake, saboda haka in ya ga toho a gonarsa sai ya sare tun bai zama abin magana ba. Daga wajen 1984, da aikin Tony Rinaudo da manoman Maraɗi, aka koma barin toho ana gyara shi, abin da muke kira sassaben zamani. Da manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, sai ƙasa ta sake tufafi. An ƙiyasta kadada miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a Maraɗi da Damagaram, duniya na zuwa Dan Saga ta Agye koyon darasi. Mallaka ce ta dawo da itatuwan nan, ba na musun haka, kuma duk wanda ya ce a koma zamanin da itace ba shi da mai shi, hamada yake kira. Sai dai itacen da ya dawo, a gonar wani ya dawo. Mai kadada biyar ya sami itacen wuta da abincin dabba da ƴaƴan sayarwa. Mara gona ya ga inuwa ta ƙaru, rabonsa bai ƙaru ba, wani wurin ma raguwa ya yi. Wannan gefen labarin ba a cika faɗarsa a tarurrukan Yamai ba.

Mutanenmu masu kyauta ne, ban taɓa shakkar wannan ba. Ana fitar da zakka, ana kai ɗauki, maƙwabciya na miƙa ƙwarya ta kan danga. Amma kyauta tana bin halin mai bayarwa da yanayin shekararsa, kuma mai karɓa yakan biya da wani abu: gaisuwar durƙuso, ƙuri'a ranar zaɓe, shiru a inda ya kamata ya yi magana. Haƙƙi ba ya neman wannan. Addininmu ya san bambancin. Zakka haƙƙin matalauci ce a cikin dukiyar mawadaci, kuma hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya sanya ruwa da ciyawa da wuta cikin abubuwan da jama'a suka yi tarayya a kansu. Malamanmu na nan, sun fi ni sanin iyakokin da malaman fiƙihu suka yi wa wannan hukunci tsakanin ƙasar da ke da mai ita da wadda ba ta da shi. Ina roƙonsu su ɗauki batun zuwa mumbari, domin ciyawar da ake sharewa daga makiyayar jama'a a kai kasuwa ta shiga ciki kai tsaye.

Hukuma ma ta ba mu kayan aiki. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, Cofo, waɗanda daga baya suka bazu tun daga matakin gari har na gunduma, kuma aikinsu bai tsaya ga rubuta takardar sayen gona ba. Suna da ikon shata burtali da makiyaya da mashaya su rubuta su a matsayin na jama'a. Babu abin da ya hana garuruwan Maijirgi su zauna da masu gari da limamai su yi yarjejeniya a rubuce: ganyen da ya fito da kansa da ƴaƴan itacen da suka faɗo ƙasa, mai tsinta da hannu don tukunyar gidanta ba a korar ta daga gonar kowa, muddin ba ta taɓa shuka ba, ba ta sari reshe ba; mai zuwa da amalanke da buhuna don kasuwa, shi wannan sai da yardar mai gona. A sa lokacin yankan kaba da lokacin barin ta ta huta. A hana share ciyawar makiyaya don sayarwa. Kuma a zaunar da matan da ke wannan aiki cikin kwamitin da kansu, su yi magana da bakinsu, don su ne suka san gonar da aka kore su da itacen da aka hana su.

Ku kuma ɗalibai, ga aikin da nake ba ku kafin a saki gonaki bana. Kowa ya zauna da kakarsa da littafi da alƙalami. Ta lissafa masa duk abin da take tsintowa kyauta tana budurwa, da sunansa da wurin da yake fitowa da watan da ake samunsa. A gaban kowane ɗaya a rubuta halin da yake ciki yau: ana samu kyauta, ko sai an nemi izni, ko sai an saya, ko ya ɓace. Ku haɗa takardun gari-gari, malamanku su taimaka muku ku tsara su, ku kai wa magajin gari da Cofo, a karanta su a zaman da za a tsayar da ranar sakin gonaki.